Wanda Zai Kulle Ƙofa

Ranar da ta fara tsayawa a bakin shagonsa, bai ko ɗago kai ba. Wuta ta ɗauke tun safe, injin yankan makulli ya yi shiru, shi kuwa ya duƙufa kan littafi kamar zai shige cikinsa.

Littafin ba baƙo ba ne a unguwar. Kashi na biyu ne na wani labarin ban tsoro, inda wata cuta ta cinye garuruwa, duk wanda ta kama hankalinsa ya gushe ya afka wa na kusa da shi. Shekara uku masu karatu suka yi suna jiran fitowarsa.

"Malam, makulli ake yankawa a nan ko karatu ake yi?"

Ya ɗago. Farar rigar aiki ce ninke a hannunta, idanunta sun riga bakinta yin dariya. Ya miƙe da sauri har ya ture gwangwanin makullai.

"Duka biyun, ranki ya daɗe. Amma makullin ne ke ciyar da ni."

Ta ce a ɗakin gwajin jini na asibiti take aiki, makullin durowarta take so a yi wa na biyu. Tunda ba wuta, ta rubuta masa lambarta a bayan wani guntun kwali. Har ta juya, sai ta leƙo littafin.

"Wane shafi kake?"

"Ɗari da tamanin."

"Da sauranka. In ka kai ɗari biyu da goma, abincin rana ma sai ya gagare ka."

Washegari ya tura mata saƙo: "Salam. Makullinki ya kammala. Na kai shafin. Ban ci abincin rana ba."

Ta amsa: "Ai na gaya maka. To, direban ya yi daidai ko bai yi ba?"

A shafin nan, direban da ya kwaso mutum talatin ya ɓoye su a wata makaranta ya ga alamar cutar a idon matarsa. Ya kai ta ɗakin ajiya, ya kulle ƙofa ta waje. Tana kiran sunansa ya haye bene, ya toshe kunnuwansa.

Kwana biyu yana juya tambayar kafin ya rubuta: "Ya yi daidai. Sai dai akwai wani abu da bai kwanta mini ba, ban gano shi ba tukuna."

"Kwana biyu kan tambaya ɗaya? Daga yau sunanka Malam Tunani."

"Ke kuma Farar Riga."

Daga nan makullai suka fara ɓace mata. Cikin wata biyu ta yanka guda bakwai, gidansu kuwa ƙofa huɗu gare shi. Takan zauna kan bencin shagon bayan ta tashi aiki, yana goge bakin makulli, garin ƙarfe na zuba kan gwiwarsa, suna hira har rana ta yi sanyi.

"Farar Riga, wannan makullin na wace ƙofa ce kuma?"

"Kai dai yanka. Mai shago ba ya tuhumar kwastoma."

"In kwastoma ta hana shi sukuni fa?"

Ta sunkuyar da kai tana murmushi. "Sai ya je ya gai da babanta."

Kafin ya je ɗin, ta riga ta saka shi a guruf ɗin masu karatu na waya, wajen mutum ɗari huɗu, kowa na zuba albarkacin bakinsa kan shafin nan. Wata ta ce ta jefar da littafin bayan kabad. Wani ya ce marubucin ba shi da imani, kashi na farko ya fi. Wata ta ce tun da ta karanta, in mijinta ya taɓa ƙofa sai gabanta ya faɗi. Shi kuwa Mai Makulli, da yake bai iya magana sama-sama ba, ya zauna ya rubuta dogon bayani cewa direban bai yi zalunci ba, domin rayukan da ke bayansa amana ce, ba nasa ba ne balle ya yi kyauta da su.

Nan take ɗan gwaggonta, mai sayar da motoci wanda ya daɗe yana zagaye gidansu, ya amsa da layi ɗaya: "Da ni ne, sai in buɗe mu mutu tare." 'Yan mata suka yi ta jera masa hoton zuciya. Bai tsaya nan ba, ya buga bayanin Mai Makulli a takarda ya kai wa kawunsa, wato babanta.

Babanta tsohon hedimasta ne. Ranar da Mai Makulli ya je gaisuwa, ya tarar da shi a falo, tabarau a kan hanci, jan biro a hannu, takardar shimfiɗe a gwiwarsa.

"Zauna, yaro. Na karanta rubutunka. Kuskure ko ɗaya babu, na yaba. 'Yata kuwa ba zan ba ka ba."

"Baba, labari ne fa."

"A labari ake gane mutum. Kullum hannunta cikin jinin marasa lafiya yake. Ranar da ta dawo gida da zazzaɓi na san abin da za ka yi, da hannunka ka rubuta. Ga shi sana'arka ma kulle-kulle ce."

Mama ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Ni kwana uku ina kukan matar direban nan. Ka yi haƙuri, ɗana, amma ka ba ni tsoro."

Ya koma shago. Ya ce wa kansa, mene ne layi ɗaya in zai kawo masa ita? Cutar nan babu ita, direban babu shi, ƙaryar ba za ta cuci kowa ba. Ya shiga guruf ya rubuta: "Na sake tunani. Da ni ne, zan buɗe mu mutu tare."

Guruf ya ɗauki tafi. Saƙonta kuwa ya shigo bayan minti biyar: "Wanda ya rubuta wannan ban san shi ba. In Malam Tunani ya dawo, ka ce ina nemansa."

Kwana tara ba ta sake ce masa uffan ba. A kwana na shida ya hango ta a gaban motar ɗan gwaggon, sun nufi asibiti. Da yamma mutumin ya tsaya a bakin shago, bai ko fito ba, ya sauke gilashi.

"Maigida, ka tanadi ƙarfe mai kyau. Makullin sabon gida zan kawo maka kwanan nan."

Mai Makulli ya zauna ya yi tagumi. Gaskiya ta raba shi da uban, ƙarya ta raba shi da 'yar. A kwana na tara ya jawo littafin ya koma shafin, ya karanta shi sau uku a hankali. A na ukun ya tsaya kan layin da direban ya haye bene. Ya rufe shago da rana tsaka.

Ya tarar da Baba a kujerarsa, da wata takardar daban, mai ɗauke da saƙonsa na biyu. A samanta an rubuta da jan biro: Satar amsa.

"Shekara talatin ina koyarwa," in ji Baba. "Na san ɗalibin da ya leƙa takardar maƙwabcinsa. Me ya dawo da kai?"

"Na zo karɓar laifina. Ƙarya na yi don ina sonta. Gaskiyar ita ce zan kulle ƙofar, Baba. Amma na gano inda direban ya ɓata. Tafiyar da ya yi ita ce laifinsa. Ni a bakin ƙofar zan zauna. In ta kira in amsa, in tura mata ruwa da abinci, in aika a nemo mai magani, har Allah ya yi ikonsa. Ba za ta kira sunana ta ji shiru ba."

"Ɗan gwaggonta ya ce shi zai buɗe."

Labule ya motsa. Ta shigo da tiren shayi, ta ajiye, ta durƙusa gefen kujerar.

"Baba, in ya buɗe, su wa ke bayansa? Kai ne, da Mama, da ƙannena biyu. Mutum talatin ɗin nan ku ne. A wurin aiki abin da aka fara koya mana ke nan: ranar da na ga alama a jikina, ni zan fara kulle kaina. Abin da nake tsoro shi ne mijin da zai fasa ƙofar don a ce yana sona."

Baba ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da bakin riga. Da ya yi magana, muryarsa ta yi ƙasa.

"Ni kam zan fasa ta."

"Na sani, Baba. Shi ya sa nake neman wanda zai riƙe ka."

Daga kicin aka ji Mama ta fashe da dariya. Baba ya ƙare wa Mai Makulli kallo, daga kai har ƙafa.

"Wannan siririn ne zai riƙe ni?"

"Ba zan iya ba, Baba. Sai dai in roƙe ka ka zauna tare da ni a bakin ƙofar. Tabarma ɗaya ta ishe mu."

Baba ya mayar wa biron murfinsa, ya ajiye shi kan teburi.

"Sha shayinka kada ya huce. Ka turo manyanka ranar Asabar."

Da ta rako shi bakin ƙofar gida, ya kasa haƙuri. "Farar Riga, motar nan fa?"

"Kishi kake yi, Malam Tunani? Rage mini hanya ya yi, yana ta ba ni labarin yadda zai mutu tare da ni. Da muka isa na ce ya raka ni cikin ɗakin gwaji. Ya ɗage gilashi, ya toshe hanci da hankici, ya ce yana sauri."

Suka yi dariya har ta dafa bango. Sannan ta dube shi, dariyar ta koma wani abu mai taushi.

"Kada ka sake yi mini ƙarya, ko da mai daɗi ce."

"Ko da za a hana ni ke?"

"Wa ya isa? Ai ka gani."

Bayan wata uku aka ɗaura aure. 'Yan guruf suka cika rumfa guda, suna taya murna suna ci gaba da gardamar shafin, har wata ta rantse marubucin zai gyara kuskurensa a kashi na uku. Da safiyar ranar ya tura mata: "Amaryata, yau tambaya ɗaya za a yi mini, kuma ba sai na yi kwana biyu ba."

Ta amsa: "Allah ya sa, angona. Kada ka tsaya tunani a gaban jama'a."

Da za a tafi da ita, Baba ya kama hannunta ya ɗora a na mijinta. Idonsa ya cika, amma muryarsa ba ta yi rawa ba.

"Na yi maka tambaya mai wuya, ka amsa da gaskiya. Allah ya sa kada ku taɓa buƙatar amsar nan. Allah ya ba ku lafiya da zaman lafiya, ya albarkace ku da zuri'a ta gari, ya haɗa kanku har tsufa."

Gidan gaba ɗaya ya amsa da amin.