Ranar da Ambaliya ta Watse

"Halas, an gama! Babu ƙungiya, babu aure!"

Yaya Adam ya yi jifa da sandunan gangarsa a tsakar falonmu na unguwar Jurf a Madina, ɗaya ta daki tiren gahawar Umma.

Na miƙe. "Yaya, me Saif ya yi maka?"

"Ya ci amanata, Suhaila! Munirat ta ce ya sa hannu da kamfaninsu na Jidda. Shi kaɗai!"

"Alhamdu lillahi," in ji Umma. "Dama raina bai taɓa kwanciya ba. A garin Manzon Allah, a ce 'yata ta auri makaɗi?"

Na faɗa ɗaki na kira Saif. Bai ɗauka ba. Na zauna, na tashi, na sake kira...

Tun suna sakandare Yaya da Saif suka kafa ƙungiyar kiɗansu, Ambaliya, a ɗakin ajiyar dabino na wata gona a Awali inda kawun Saif yake aiki. Lokacin a ɓoye ake kiɗa, da tsofaffin katifu suke toshe tagogi. Kiɗan rok suke yi, amma irin mai dogon zango. Waƙa ɗaya sai ta fara da garaya a hankali, jita ta karɓe da ƙara, kalangu ya shigo, takin kiɗan ya yi ta sauyawa har mai sauraro ya manta inda aka faro. Baiti rabi Hausa, rabi Larabci. An yi musu dariya. Mai fiyanonsu ya koma Cadi, wani ya yi aure ya bari, su biyun suka dage. Da aka fara yarda da wasanni a fili, sai ga gayyata daga Jidda da Riyad, sai kuma ga Munirat, mai shirya musu wasa, wadda idonta bai taɓa sauka daga kan Saif ba.

Ana idar da la'asar na zari abaya na ja mota sai Awali.

Na same shi zaune a gindin dabino, jita a cinyarsa, ko taɓa ta ba ya yi.

"Ka sa hannu?"

"Wallahi ban sa ba, habibti. Munirat ta kawo min takardar, ta haɗa da cewa tana sona. Duka biyun na mayar mata, shi ne ta kai wa Adam ƙarya."

"To tashi mu je ka faɗa wa Yaya!"

"Ya sani."

Na tsaya cak. "Ya san me?"

Saif ya sunkuyar da kai. "Ya san ƙarya ce. Ya rantsar da ni kada in faɗa miki, amma yau na gaji. Kunnensa na hagu ya mutu, Suhaila, na dama ma ya fara. Likita ya ce ya bar ganga. A wasan Riyad ɓata taki ya yi ta yi, ni nake rufe masa da jita. So yake in tafi Jidda in yi suna, kuma ya san ba zan tafi ba muddin yana nan... muddin kina nan."

Hawaye suka wanke min fuska. "Shi ne zai haɗa har da ni?"

Ban san yadda na tuƙo motar nan zuwa gida ba. Yaya yana tsaye a kicin ya ba ni baya. Na kira sunansa a hankali daga hagunsa.

Ko motsi bai yi ba.

Na zagaya gabansa. "Yaya, da zuciyata za ka yi wa abokinka kyauta?"

Ya kalle ni, ya gane na sani. Sai kawai ya zame ya zauna a ƙasa yana kuka kamar yaro.

"Ba na so Saif ya ƙare saboda kunnen nan nawa..."

"Ai sai ka tambaye shi abin da yake so!"

Umma tana bakin ƙofa, ta ji komai. "Adam, wa yake kai ka asibiti duk wannan lokacin?"

"Saif ne, Umma."

Ta share ido da gefen mayafinta. "Ce masa ya turo kawunsa."

Ambaliya ba ta sake hawa dandamali ba. Saif ya ce babu gangar Adam, babu Ambaliya. Ya kama koyar da jita a wata cibiya a unguwar Aƙiƙ, Munirat kuwa ta samo wani mawaƙin.

Ranar ɗaurin aure, Yaya ne waliyyina tunda Abba ya rasu. Ina ɗakin mata, hannuna cikin na Umma, sai muka ji falon maza ya yi tsit. Ashe malam ne ya tambaye shi ko ya bayar da ni, bai ji ba, har sai da Saif ya taɓa gwiwarsa.

Sai ga muryar Yaya ta ratso bango, da ƙarfin da ya sa matan suka zabura:

"Na ba shi! Wallahi na ba shi!"

Umma ta rungume ni, tana dariya tana kuka.