Rijiyar da Aka Amsa Mata

Rana ta faɗi, awaki sun koma turke, ana alwalar magariba, sai dutse ya faɗo kan kwanon ɗakin Mahbub. Na biyu ya biyo baya, jiƙe da laka, alhali damina ta daɗe da wucewa.

Mahbub bai jima da dawowa Dakoro ba bayan shekaru a Yamai, zaman gida kuwa ya ƙi karɓarsa. Wuni yake gaban ordinatar, wato kwamfuta, yana kula da wani tsari mai bin famfunan rijiyoyin ƙauyuka yana duba lafiyarsu. Kowane famfo kan aiko da bayani, har da lokacin motsinsa na ƙarshe. Na wata rijiya a hanyar Roumbou ne kaɗai ke zuwa babu wannan gurbin, da an kai kansa sai aikin duka ya tsaya cak. Mahbub ya nemi dalili, ya gaji. Sai ya ƙara layi ɗaya: in babu, a rubuta lafiya lau. Allo ya koma kore.

Tun daga nan gidan bai sake ganin magariba mai daɗi ba. Ga jifa, ga kukan yara a bayan rumbu, a leƙa babu kowa. Sannan ƙanwarsa Suwaiba ta zauna gindin randa tana sha, moɗa bayan moɗa, ciki ya kumbura, leɓuna na tsagewa.

"Inna, ku amshe moɗar nan!" in ji Mahbub.

Mahaifiyarsu Uwale ta nuna masa shatin haƙoran yarinyar a hannunta.

Aka kira Malam Attaher. Ya zauna gaban yarinyar, ya yi ta karatu a hankali, har muryar wata tsohuwa ta fito daga bakinta.

"Wace ce ke?" in ji Malam.

"Tambayi mai akwatin can. Shi ka amsawa da bakinmu."

Mahbub ya waiga wajen ordinatar. Muryar ta ci gaba.

"Gindin rijiyar hanyar Roumbou muke tun kakanninku. Abin da ya zube ƙasa in shanu sun sha, shi ne rabonmu. Famfo ya mutu. Da, in ya yi shiru, a zo a duba. Yanzu an ce lahiya lau. Makiyaya sun kora gaba, mu ina za mu? Ɗiyana na jin ƙishi, ɗiyarku za ta sha musu."

"Yarinya ba ta da laihi. Mi kike so?"

"Ya janye maganatai."

"In ya janye, kin hita?"

"In hita. Amma in ruwa bai dawo ba, na san ƙohwa."

Mahbub ya ɗauko ordinatar, ya goge layin. Allo ya yi jajir. Nan take ya buga wa mai gyaran famfo waya, ya ce da asuba shi da kansa zai kai shi a moto.

Suwaiba ta yi atishawa, moɗa ta faɗi, ta yi ta amayar da ruwa har ƙasa ta jiƙe. Uwale ta tallabo ta, ta miƙa mata ruwa ta kurkure baki.

Yarinyar ta kau da kai.

"Inna, na ƙoshi."