Bangon Da Bai Kai Kwano Ba

Da hantsin Laraba Hajiya Murjanatu ta kai ƙara caji ofis, an sace takardun gidanta a unguwar Dogo Tebo ran Talata da ta tafi asibiti. Insifekta Yaji ya bi ta.

Tagwayen gida ne na zamani: rufi ɗaya, ƙofa biyu, bango guda a tsakiya, falo na jingine da falo. Mijinta, marigayi Hassan, da ɗan tagwaicinsa Alhaji Hussain suka gina shi. Yanzu kowane ɓangare mutum ɗaya ya rage a ciki.

"Wa ke shigo miki, Hajiya?"

"Babu kowa, yallaɓai. Tun da na fita takaba ko sallama ba na samu. Shi ya sa zan sayar da ɓangarena in koma Nangere."

Makulli lafiya lau, tagogi da ƙarafunansu. Amma a saman durowa Yaji ya ga farin gari, murfin silin kuma a karkace.

Ya je wurin Celestine, wanda ya zana gidan.

"Oga, a zane bangon tsakiya ya kai har kwano."

"A zane. A gini fa?"

Celestine ya sosa ƙeya. "Tagwayen ne suka ce a tsaya a silin. Wai me za su ɓoye wa juna?"

Da la'asar Yaji ya ƙwanƙwasa ɗaya ƙofar. Ya tarar da Alhaji Hussain shi kaɗai, kujerarsa manne da bangon tsakiya.

"Ina kake jiya da Hajiya ta tafi asibiti?"

"Ina kasuwar kara, wajen shanuna."

"Daga can nake. Kwana uku dillalai ba su gan ka ba. Ƙujewar nan ta goshinka, ƙahon sa ne ko ƙusar rufi?"

Alhaji ya shafa goshinsa. Can ya ɗaga darduma, ya miƙo ambulan ɗin takardun.

"Ni da Hassan tare muka zo duniya, Insifekta. Tun da ya tafi, motsin tukwanenta kawai nake ji ta bangon nan, in san da sauran nasa. In ta sayar, baƙo zai kwana a ɗakin Hassan."

"Me ya hana ka faɗa mata?"

"Mun saɓa tun ranar sadakar uku. Girman kai ya hana ni."

Yaji ya fito da shi zuwa motar 'yan sanda. Hajiya na tsaye a ƙofarta, ta ji komai ta bangon.

"Ashe kana ji na, Alhaji?"

Alhaji ya shiga motar kai a sunkuye. Da motar ta tashi, sai ta tako a hankali ta kulle masa ƙofarsa, ta ɗaure makullin a bakin mayafinta.