Daƙiƙin Ajin Mama

Ranar da ya fara ganin Auta, tana riƙe da gefen zanin mahaifiyarta tana kuka. Mama kuwa ta ci ado, jaka a kafaɗa, tana dukan ƙofa da tafin hannu wai ta makara, yara na jiranta a aji.

Tsohuwar malamar firamare ce, ciwon mantuwa ya kama ta bayan ta yi ritaya. Kafin annoba, Auta kan zaga da ita unguwa kullum da safe har ta manta da zancen makaranta. Da aka sa dokar kulle, zagaye ya tsaya. Yaya, wan Auta, yana wani gari, hanyoyi a rufe. Mama ta fasa kofuna, ta daina cin abinci, Auta ta rame har ƙasusuwan wuyanta suka fito.

Shi kuwa direban motar asibiti ne, yana haya a benen da ke kallon tagarsu. Dawowarsa ke nan daga aiki, takunkumi a fuska. Ya saurari hayaniyar, ya tsaya nesa da taga ya ɗaga hannu.

"Malama, ina kwana. Na makara, a yi mini afuwa."

Mama ta bar dukan ƙofa, ta zo ta ƙare masa kallo, ta tambaye shi bakwai sau takwas. Ya ce hamsin da huɗu. Ta girgiza kai, ta ce wannan yaro akwai aiki a kansa, a kawo mata kujera. Ranar ta ci abinci, har da barcin rana.

Haka aji ya kafu. Kullum ya tsaya a tsallaken hanya ya yi ta zuba kuskure, Mama na gyara masa tana tsaki. Auta ta gane da gangan yake yi, kuma tun daga nan zuciyarta ta tafi. Wata rana ya karanto lambar wayarsa a matsayin amsar lissafi, Mama ta ba shi sifili, Auta ta haddace. Da dare ta tura masa saƙo, ya mayar mata da amsa.

"Na gode, Daƙiƙin Mama. Yau na yi wanka ban ji ana fasa komai ba."

"Ki ci abinci, Monita. In kika faɗi, aji ya tashi. Ni ma haka."

Da labari ya kai wa Yaya, sai ya hau faɗa. Mutumin da ke yini yana ɗaukar masu cuta shi ne zai riƙa tsayawa a tagar uwarsa? Ya kira direban ya wanke shi tas. Ya ce wa Auta abokinsa mai kemis, wanda dama ya daɗe yana sonta, zai aiko wa Mama da maganin barci. In bai yi ba, ana buɗe hanya zai kai Mama asibitin masu taɓin hankali.

Washegari ba a ga ɗalibi ba. Kwanaki suka wuce, tagar bene a rufe. Auta ta tura masa saƙo.

"Ko maganar Yaya ce ta kore ka? Ka amsa mini ko da kalma ɗaya ce. Wallahi na gaji, ina tsoron kaina."

Shiru. Mama ta koma dukan ƙofa har tafinta ya kumbura. Auta ta riƙa shiga banɗaki tana toshe baki da tawul don ta yi kuka.

Wata safiya Yaya ya kira ta bidiyo, ya ce ta ba Mama ƙwayar a gabansa. Auta ta ɓare ta. Ta san in Mama ta fara sha, ita da ajinta sai dai labari.

Sai tagar bene ta buɗe. Wata murya a shaƙe, tana haɗuwa da tari, ta ratso hanya.

"Malama! Bakwai sau takwas, hamsin da huɗu!"

Cutar ce ta kwantar da shi, ko waya bai iya ɗagawa, sai yau ya rarrafo taga. Mama ta juyo, fuskarta ta washe.

"Hamsin da shida, daƙiƙi. Ina ka shiga? Na damu."

Yaya ya ga dariyar da rabonsa da ita tun kafin ciwon. Ya share ido ya ce Auta ta zubar da maganin, kuma zai sake kiran yaron nan, yana da haƙurin da zai ba shi.

Bayan an sassauta doka aka ɗaura aure, mutane kaɗan, kowa da tazararsa. Amarya ba ta bar gida ba, ango ne ya sauko daga bene da akwatinsa.

Da suka durƙusa gaban Mama, ta dafa kansa, ta dubi Auta.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya. Amma ki riƙa haƙuri da shi, 'yata. Yaron kirki ne, lissafi ne dai ba ya shiga kansa."