Salatif a Rigar Littafi

"Salatif ka sa masa?!"

Bryony ta ƙame a tsakiyar shagon tsofaffin littattafan mahaifinta, Mista Penhale, tana kallon wani littafi. Littafin labarin wasu yara ne masu bin sawun ɓarayi lokacin hutun makaranta, bugun farko, wanda Mista Penhale ke kullewa a akwatin gilashi. Rigarsa ta takarda da ta yage, ga ta nan tana ƙyalli da salatif.

Jowan, makanikin jiragen ruwan da take mutuwar so, ya sosa ƙeya.

"Masoyiya, gyara fa na yi... Rupert ne ya ba ni makulli, ya ce babanki zai ji daɗi."

"Rupert! Yaron shagon da ke son aurena? Anya kanka ɗaya?"

Duk mai tara littattafai ya san gara yagaggiyar riga da liƙaƙƙiya. Jowan bai sani ba. Rupert kuwa ya sani sarai.

Ƙofa ta buɗe, sai ga Mista Penhale. Ya dubi littafin, ya dubi Jowan, ya dafe kantar shagon.

"Fita! Kada in ƙara ganinka kusa da 'yata."

Bryony ta fizgi rigar sanyinta.

"To tare za mu fita, Baba."

"A kan wannan sakaran?"

"Sakaran da ya ga abu ya yage ya kasa barinsa haka! Rupert fa? Da gangan ya sa aka lalata maka littafi don ya same ni. Wanne kake so ya riƙe 'yarka?"

Tsohon ya sa farce ya ɗaga bakin salatif, launin hoton ya biyo shi. Ya runtse ido.

"A yi haƙuri, yallaɓai," in ji Jowan. "Da na kai inda yaran suka maƙale a kogo, sai na ji ba zan iya barinsa a yage ba."

"Karantawa ka yi?"

"Tas."

Mista Penhale ya dubi Bryony, wadda ko taɓa littafin bai taɓa barinta ta yi ba. Hawaye take, amma ba ta saki hannun Jowan ba.

Ya tura musu littafin.

"Babu mai saye yanzu. Ku ajiye wa jikokina su karanta... Kai kuma wanke hannun nan tukuna, duk baƙin mai ne!"