Bijimin da Sa'ida Ta Zaɓa

Ranar Juma'a, ana saukowa daga masallaci, wata mata ta shigo ofishin 'yan sanda da takalmin roba duk kashin shanu. Kofur ɗin da ke kan kanta ya dubi takalmin, ya dubi daɓen da aka goge da safe, ya buɗe baki zai yi magana. Kallo ɗaya ta yi masa, ya haɗiye abinsa.

"An sace mini bijimi," ta ce. "Ina babbanku?"

Sufeto Sagiru yana ciki ya buɗe kwanon shinkafa da wake ke nan. Mutum ne da ba ya son a shiga tsakaninsa da kwanonsa, amma da ya ga fuskar matar sai ya mayar da murfi.

Sunanta Sa'ida, 'yar marigayi Malam Abdulhamid na Ƙofar Kibo. Kiwon dabbobi ta karanta, kuma tun rasuwar mahaifinta ita ke riƙe da garken shanun da ya bar musu a bayan ganuwa, wajen Ƙofar Kuyambana. Shanun nama suke kiwo, su yi ƙiba a sayar wa mahauta.

"Jibi zan sake shi cikin karsanai," ta ce. "Damina ta sauka, ciyawa ta fito, lokacin barbara ya yi."

"Ba wani sa a garken ne, Malama?"

"Akwai Basamude, na baffana, Alhaji Ashiru. Ƙato ne, kowa ya gan shi sai ya tsaya. 'Ya'yansa manyan kai gare su. Bara karsanai huɗu suka mutu wajen haihuwa, ina tsaye a kansu. Karsanan bana kuma 'ya'yansa ne na cikinsa. Ba zan sake shi a kansu ba."

Ta gaya masa yadda ta sha yawon kara kafin ta samu bijimin nata, Gajere. Ta duba ƙafafunsa, ta ga bayansa a miƙe, kansa madaidaici, marainansa daidai. Har rugar da aka haife shi ta je don ta ga uwarsa, sannan ta kai likita ya ɗebi jininsa. In aka rasa shi, babu lokacin neman wani, kuma dangi za su taso ta a gaba a saki Basamude.

Sufeto ya ɗauki hularsa. Shi a nasa tunanin, bijimin da aka sace da azahar yana iya zama tsire kafin isha'i, don haka ya tura kofur kwata ya tsare ƙofa.

A garken, kwaɗon ƙofa lafiyarsa lau, ba a fasa ba. Basamude yana can gefe cikin nasa shingen yana huci. Sufeto ya ɗaga kai ya kalli tozonsa, ya ja da baya kaɗan ba tare da ya bari an lura ba.

Turken Gajere yana ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya. Babu alamar kokawa a ƙasa, sawun kofato ya tafi sumul har bakin ƙofa. A kan turken kuwa ga igiyarsa, tsohuwar igiyar rama, an kwance ta, an naɗe ta tsaf, an rataye.

Sufeto ya daɗe yana juya ta a hannu.

"Ɓarawo yana sauri, ya samu sa da igiya a wuya, ya tsaya ya kwance ya naɗe?" ya ce. "To da me ya ja shi?"

Ya sa igiyar a leda ya riƙe.

Makiyayin garken wani dattijo ne mai suna Bahago. Ya tsuguna a gindin bishiya, ya rantse bai ɗaga daga wurin ba tun safe, sai dai ya zagaya bayan gari na ɗan lokaci.

"Da wannan wankakken kaftanin ka zagaya?" Sufeto ya tambaya. "Ga turare har nan ina ji. Shanun ka shafa wa?"

Bahago ya sunkuyar da kai.

"Yallaɓai, masallaci na je. Malama ta ce kada in bar shi har jibi, na ji tsoron faɗa."

"Makulli fa?"

"Ƙarƙashin wancan dutsen muke ajiyewa. Ni da Malama da Alhaji muka sani."

"Gajere yana bin baƙo?"

"Ina! Ranar da likita ya zo sai da ya tsallake shinge. Wanda ya saba ba shi dusa kawai yake bi."

Sa'ida ta ce Bahago ya yi shekaru a garken tun zamanin mahaifinta, ko maraƙi bai taɓa ɓata a hannunsa ba. Sufeto ya ce ya ji, amma kada dattijon ya yi nisa.

Lokacin sallar Juma'a maza duk suna masallaci, don haka Sufeto bai ɓata bakinsa a kansu ba. A bakin Ƙofar Kuyambana akwai wata Kulu mai fura da ba ta tashi daga rumfarta ko ana ruwa. Ita ya nufa.

"Ni ban ga komai ba," ta ce tun kafin ya gama sallama.

Ya zauna a benci ya sa ta dama masa ta mai yawa. Ya sha rabi, ya yaba nonon, sannan ya ce ai wata baiwar Allah ce aka cuta, karsananta za su mutu. Kulu ta goge ludayi, ta dube shi.

"Farin sa ne gajere?"

"Shi ne."

"An wuce da shi ana huɗuba. Wata a-kori-kura tana jira can gindin ganuwa, suka sa shi a baya."

"Wa ke jansa?"

"Bayansa na gani. Farar babbar riga, kuma yau Juma'a, kowa ita ce a jikinsa. Amma san ko gardama bai yi ba. Igiyar ce ma ta ɗauki idona, shuɗiya ta roba, sabuwa fil. Na ce a raina irinta nake so ta shanya."

Sufeto ya ƙarasa furarsa. Ke nan mutumin ya taho da tasa igiyar tun daga gida, alhali ya san akwai wata a wuyan san.

Bayan la'asar suka isa gidan Alhaji Ashiru a Ƙofar Kibo. Suka tarar da shi a zaure kan darduma, dogo, mai furfura, carbi a hannu. Ya amsa gaisuwar Sufeto, ya yi kamar bai ji ta Sa'ida ba.

"Ni rabona da garken nan an kwana biyu," ya ce. "Yau kuwa sahun gaba na yi salla, ka tambayi kowa. Ku kama Bahago, ku bar zagaye-zagaye. Ko da yake wanda ya saci wannan san ma bai san shanu ba. Wannan abin kamar ɗan akuya shi za a kira bijimi?"

"Baffa, shanun nama nake kiwo, ba na kallo ba," Sa'ida ta ce.

"Da ke nake magana?"

Ana cikin haka wani mutum ya yi sallama. Rago ya saya a wurin Alhaji tun jiya don suna, ya zo ɗauka. Aka fito da ragon daga cikin gida, mutumin ya kama igiyar wuyansa zai tafi.

"Kai! Tsaya!" Alhaji ya daka masa tsawa har carbinsa ya faɗi. "Rago na sayar maka, ban sayar maka da igiya ba."

"Haba Alhaji, wannan tsohuwar igiyar?"

"A gidan nan igiyar turke ba ta bin dabba. In ta fita, arzikin turken ya fita. Haka muka tarar wurin ubanmu."

Ya tashi da kansa ya kwance ta, ya naɗe ta tsaf a hannu, ya rataye a ƙusa. Mutumin ya ce bai zo da wata ba. Alhaji ya yi tsaki, ya miƙa hannu bayan ƙofa ya jawo wani ƙullin igiyar roba shuɗiya, ya yanka masa guntu.

"Ungo. Wannan ba ta taɓa kwana a turke ba."

Sai da mai rago ya fita sannan Sufeto ya buɗe ledarsa. Ya fito da igiyar Gajere ya rataye ta a ƙusar, kusa da ta ragon. Naɗin iri ɗaya ne, har yadda aka soke bakin a tsakiya.

"Alhaji," ya ce, "ɓarawon waje bai damu da arzikin garkenku ba. Da igiyar zai tafi, ya ma gode. Wanda ya ɗauki san nan yana tsoron kada albarkar garken ta bi shi. Mai garke ne kawai zai yi wannan tsoron."

Sa'ida ta dubi baffanta. Mutumin nan shi ya goya ta a kafaɗa ya fara kai ta garke tana ƙarama, kuma duk faɗan da suke yi ba ta taɓa kawo shi a ranta ba.

Alhaji Ashiru bai ko ƙifta ido ba.

"Ni na ɗauka," ya ce. "Sai me?"

"Yana ina?"

"Ban yanka ba, ni ba mahauci ba ne. Ku taso in nuna muku."

Gonarsa tana bayan gari, ba nisa. A cikin wani kango suka tarar da Gajere a tsaye, ya ware ƙafafun baya, kansa a ƙasa, yana rawar jiki. Sa'ida ta ruga ta rungume wuyansa tana hamdala. Sai ta lura da tsayuwarsa. Ta zagaya bayansa ta sunkuya, ta ga kumburin marainansa, ta ga guduma da guntun itace a yashe a gefe.

"Ka dandaƙe shi," ta ce a hankali.

"Da hannuna," in ji Alhaji. "Ga sanki nan, ki kai shi huɗa."

Duk yawon da ta yi, duk zaɓen da ta yi, ya tafi a banza cikin abin da bai kai tsawon huɗuba ba.

"Me ya yi maka, Baffa?"

"Basamude jikan san ubanmu ne. Jinin nan yana garken tun ba a haifi uwarki ba. Ki je kara ki kwaso mana baƙon jini, a ce ɗan'uwana ya mutu garkensa ya koma na 'yan akuya? Ba ina raye ba. Karsana ta mutu, Allah ne ya kashe. Yanzu kuma babu wani sa, jibi Basamude za ki saka, ko kin so ko kin ƙi."

Sa'ida ta share fuskarta da gefen mayafi ta miƙe tsaye.

"Wallahi ba zai shiga ba. Bana su ci ciyawa su huta. Gara in ga damina ta wuce ba maraƙi ko ɗaya da in sake jan gawar karsana da igiya."

"Dangi ba za su yarda ba."

"Su zo su same ni a ƙofar shingen."

Sufeto ya ja ta gefe. Ya ga irin wannan da yawa: da rana a kawo ƙara da zafi, kafin magariba dattawan gida su cika ofis, a ce magana ce ta cikin gida.

"Malama, ƙanin mahaifinki ne," ya ce. "In za ki janye, ki gaya mini yanzu, kada in wahalar da biro."

"In na janye, gobe shingen zai ɓalle ya sake shi da kansa. Ku rubuta, Yallaɓai."

Kofur, wanda aka kira daga kwata da mota, ya matso da ankwa. Alhaji ya dube shi sama da ƙasa.

"Mayar da ƙarfenka. Da ƙafata zan shiga."

Sufeto ya ɗaga wa kofur hannu ya ƙyale shi. Alhaji Ashiru ya gyara babbar rigarsa a kafaɗa, ya taka zuwa mota a tsanake, manoman da suka taru suna darewa suna ba shi hanya. Da ya zauna sai ya leƙo ta taga.

"Sa'ida! Ki je ki gaya wa uwarki ke kika sa aka kulle ƙanin ubanki."

Ba ta kawar da ido ba.

"Da bakina zan gaya mata, Baffa. Kuma ni zan kawo maka tuwon dare."

Ya mayar da kansa ciki. Kofur ya tayar da mota.