Wa Ya Zana Bangon Kaka Nnini?

Aron tukunya ne ya kai Sethunya gidan Kaka Nnini, ana saura kwana uku Kirsimeti. Saukarta ke nan daga birnin Gaborone inda take ɗinki, ko takalmi ba ta cire ba mahaifiyarta ta tura ta, wai tukunyarsu mai ƙafa uku ba za ta ɗauki burodin mutum ashirin ba.

A ƙofar gidan ta ja ta tsaya. Mu a ƙauyenmu, kafin Kirsimeti kowace mace sai ta yi wa bangon tsakar gidanta sabon yaɓe na ƙasa da kashin shanu, ta bi shi da zanen yatsu tun yana ɗanye. To na Kaka Nnini ba a haɗa shi da na kowa. Ni da nake maƙwabciyarta shekara talatin ina kwaikwaya, har na haƙura.

Jikanta Modiri ne ya fito da tukunyar, dogon saurayi mai gyaran famfon burtsatse, maraya tun yana goye. Sethunya ta tambaye shi ko har yanzu tsohuwar ce ke wannan aiki da hannunta. Ya dubi ƙasa ya ce ita ce. Sai kuma ya ce tukunyar ta yi wa 'yar birni nauyi, ya saɓa ta a kafaɗa ya bi bayanta. Tafiyar minti biyar suka yi a cikin awa guda, ina kallonsu ta kan shinge.

Ba a mayar da tukunyar aro wayam. Burodin da ta sako a ciki ya ƙone ta sama, don ta cika garwashi a kan murfin. Modiri ya cinye shi tas, daga ranar kuma ya laƙaba mata 'Yar Gawayi, ita kuma ta rama da Ɗan Dako. Ranar Kirsimeti ya kawo mata tauraron da ya lanƙwasa da waya, ta maƙala shi a saman reshen ƙayar da ta yi wa ado da auduga da takardun alewa a madadin bishiyar Kirsimeti. Ita kuma riga ta ɗinka masa da shuɗin yadi, hannu ɗaya ya ɗan fi ɗaya tsawo, amma wa ya isa ya faɗa a gabansa.

Bayan ta koma birni, waya ta ɗauki zafi.

"'Yar Gawayi, yau na sayi burodin kanti, fari tas, ba ƙuna ko kaɗan. Na kasa ci. Ki dawo."

"Ɗan Dako, Allah ya shirye ka. Ni ma kewarka ta sa na ɗinke aljihun wandon mutane ta ciki."

Haka suka ci shekara. Suka yanke cewa Kirsimeti mai zuwa iyayensa maza za su je neman aure.

A watan Yuli hannun Kaka Nnini na dama ya shanye, duk gari an sani, ko cokali ba ta iya riƙewa. Amma Disamba na kamawa sai ga bangonta ya sha sabon yaɓe, zane ya fito fes kamar kullum. Nan fa magana ta tashi. A wurinmu budurwa ba ta sa hannu a bangon gidan da ba nasu ba sai in an riga an ba da ita aure a gidan. Mata suka tsare Basadi a bakin famfo, wata yarinyar unguwa da ta daɗe tana kai wa Modiri abinci yana ba almajiransa na gyaran famfo. Ba ta ce ita ce ba, ba ta kuma ce ba ita ba ce. Dariya kawai ta yi ta ɓoye hannayenta a cikin zane. Makira ke nan.

Kafin yamma labari ya kai kunnen Letsholo, kawun Sethunya, wanda maganar aurenta ke hannunsa. Ya aika wa dangin Modiri cewa kada su wahalar da ƙafarsu, ba ya ba da 'yar ƙanwarsa ga gidan da wata ta riga ta yaɓe.

Sethunya ta iso gida ta tarar da wannan. Ta je da kanta ta ga bangon, ta dawo ido jawur, ta tsare Modiri.

"Modiri, abu ɗaya nake so. Faɗa mini wadda ta yi zanen nan. Ko wace ce zan iya ɗauka, ƙarya ce ba zan iya ba."

"Ba wata mace a zuciyata sai ke, na rantse. Amma wannan ba sirrina ba ne ni kaɗai. Ki yi haƙuri."

Ta juya ta bar shi a nan, ta daina kula shi. Ni kuwa tausayinsa ya kama ni, don na san abin da gari bai sani ba. Shekara huɗu ke nan yatsun tsohuwar suka fara ƙagewa, shi yake tashi da sassafe ya yi aikin kafin a buɗe ƙofofi, ita kuma ta zauna a gindin bangon ta karɓi yabo. Yabon nan shi kaɗai ya rage mata a duniya. Ga kuma abokansa samarin ƙwallo, waɗanda in suka ji ya durƙusa yana dama kashin shanu kamar mace, har ya tsufa ba za su bar shi ya sha ruwa ba.

Kwana biyu yaro bai ci abinci ba. Na kasa daurewa, na shiga na faɗa wa Kaka Nnini abin da ake ciki, don ba wanda ya gaya mata. Da na gama, ta sa aka kira shi.

"Kai wawan ina ne? Za ka bar yarinya ta tafi saboda kashin shanu? Ni na sha yabona na ƙoshi. Tashi ka ba ni wuri."

Ana jajibirin Kirsimeti da hantsi ya sa kwat ɗinsa ya nufi gidansu Sethunya. Maza na ƙarƙashin bishiya suna feɗe akuya, mata na kwaɓin burodi, mahaifiyarta kuma tana fama da ragowar bangonta da ba ta gama ba. Ya gaishe da kowa da hannu biyu. Kawu Letsholo ya amsa da ƙyar.

Modiri bai yi dogon bayani ba. Ya tuɓe kwat, ya naɗe hannun riga, ya roƙi uwar ta ɗan matsa. Ya durƙusa a gaban maza da mata ya cusa hannu cikin kwaɓin.

Wani ya fara dariya, wasu suka taya shi. Kunya ta rufe shi, amma bai ɗago ba. Yatsu huɗu suka bi bango, suka lanƙwasa, suka dawo. Kafin ya cika kamu uku dariyar ta mutu, don ba macen da ke wurin da ba ta gane zanen ba.

Sethunya ta taso da garin fulawa har gwiwar hannu, ta durƙusa kusa da shi a cikin caɓin, hawaye na zuba.

"Me ya hana ka faɗa mini, Ɗan Dako?"

"Na ji tsoron ki raina ni. Na kuma ji tsoron a raina ta."

Ta ce masa wanda ya rufa wa kakarsa asiri shekara huɗu, ita ba ta ga abin rainawa a jikinsa ba sai taurin kai. Kawu Letsholo ya zo ya daɗe yana duban bangon, ya yi gyaran murya, ya ce a gaya wa dangin Modiri su zo bayan sabuwar shekara, sadaki shanu takwas ne ba ragi. Har ya juya, ya ƙara da cewa bangon matarsa ma fa ya tsage ta gefe guda.

Basadi ta yi wata guda a gidan yayarta a garin Mochudi, wai jinya.

A watan Afrilu aka ɗaura aure a coci, samarin ƙwallon da suka yi ta tsokanarsa su suka ɗauki kujeru. Da aka kawo amarya gida, mata sun jeru da shuɗɗan mayafai za su yi mata nasiha, Kaka Nnini ta ce a tayar da ita tsaye. Ta dubi matan ta ce shekara huɗu suna yabon hannunta, ita kuma tana amsawa ba kunya, Ubangiji ya yafe mata. Sannan ta kamo hannun Modiri da na hagunta mai lafiya, ta ɗora shi a tafin amarya.

"Ga hannuna na dama, 'yata. Ba ni da wani, na kuwa ba ki. Ki riƙe shi da kyau."

Ba wadda ta iya yin guɗa nan take, kowa na share ido da bakin mayafi. Sai can muka haɗa baki muka ce Allah ya ba su zaman lafiya, ya ba su ruwan sama da 'ya'ya, ya kuma bar musu tsohuwar ta goya na fari ko da hannu ɗaya ne.